Baƙon da Aka Gaisar a Zauren Majalisa

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina riƙe wa ɗan majalisa jaka, ba zan manta da wata Talata ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna ganin mataimakin ɗan majalisa ba shi da aiki sai rubuta jawabi da sallamar 'yan maula a bakin ofis. To ku gyara zama.

Maigidana, Onarabul Bello, yana wakiltar wata mazaɓa ce ta karkara a gabashin jiha. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don har yau akwai mutane a ciki, sunayen da za ku ji ma na sauya su. Asalinsa malamin firamare ne. An tura shi ƙauyen yana saurayi, ko tabarmar kirki ba shi da ita, sai wani dattijo, Baba Sanda, wakilin maigari, ya ba shi ɗaki. Tuwon gidan ya ci har ya yi aure. Da ya fito takarar kansila, Baba Sanda ne ya riƙa jan hannunsa gida-gida. Daga kansila ya zama mataimakin shugaban ƙaramar hukuma, daga nan sai majalisar jiha, har zango biyu.

Ba dukiya ce ta kai shi nan ba, baki ne. Onarabul ya iya gaisuwa. In ya karɓi lasifika a taro, sai ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, da sarautarsu, da sunan uban da ya haife su, ko mai unguwa ba ya tsallakewa. Mu da ke tsaye a bayansa har ƙafafunmu su sage bai shiga maganar da ta tara mu ba. In mun shiga mota mu yi ta yi masa tsiya, shi kuwa ya yi dariya ya ce mutumin ƙauye yana iya yafe maka rijiyar da ba ka gina ba, amma ba zai yafe ka tsallake sunansa a gaban jama'a ba. Gaskiyarsa ce kuwa, da haka ya ci zaɓe duk lokacin da ya tsaya.

A shekara ta biyu ta zangonsa na ƙarshe, damina ta kankama, 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyen irin sulhun nan nasu. Maza za su riƙa zuwa suna yi musu noma a gonakin da suka ƙwace, kuma kada kowa ya kai ƙara wurin hukuma. Wanda ya kai, ya san sauran. Geron mutane ciyawa na cinye shi, masu shi suna can suna duƙe a gonar waɗanda suka kashe musu 'yan'uwa.

Baba Sanda ya fito da sunan zai ga likitan ido a Sakkwato. Ya sauka gidan Onarabul a Runjin Sambo ranar Litinin. Sai da aka sallami kowa daga zaure, ya rage mu uku, sannan ya buɗe baki.

“Malam Bello, ba ido yak kawo ni ba. Mutanen gari sunka aiko ni. Ka tashi cikin majalisa ka hwaɗi halin da aka ciki, ko Allah ya sa a kawo muna soja. Amma ka ji ni da kyau, kak ka hwaɗi wanda yag gaya ma. Mutanen nan ba inda ba su da kunne.”

Onarabul ya dafa ƙirji ya ce, “Baba, in sha Allahu ba mai ji daga bakina.” Ya juyo gare ni, “Mani, ka dai ji.” Na ce na ji, ranka ya daɗe.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, akwai abin da ake kira ƙudirin gaggawa. Ɗan majalisa zai sanar da Kakaki kafin a zauna. Bayan addu'ar buɗewa sai a ba shi dama ya yi bayani, wani ya mara masa baya, a tattauna, a yanke shawara. Ni na tsara jawabin, na tace shi kamar mai tankaɗe gari. Babu sunan mutum ko ɗaya, sai “rahotannin da suka iso mana”.

Da safe Baba Sanda ya ce shi ma sai ya je. Na yi magiya, ya ƙi. “Ɗana, sai na gani da idona, in na koma in ce musu an hwaɗi.” Na kai shi benen da baƙi ke zama, na zaunar da shi can layin baya, na zauna kusa da shi. Raina bai so ba.

Akwai kuma wata al'ada a zauren majalisa. In ɗan majalisa yana da baƙo daga mazaɓarsa a bene, yakan gabatar da shi, baƙon ya miƙe, 'yan majalisa su bubbuga tebur. Girma ne babba. Na san dattijon da ya shekara yana ba da labarin ranar da aka buga masa tebur.

Onarabul ya nemi izinin yin magana da Hausa, aka ba shi. Ban taɓa jin ya yi jawabi kamar na ranar ba. Ya yi maganar tsofaffin da ake kora gona da bakin bindiga, da matan da ke kallon gero yana mutuwa. Har masu latsa waya suka ajiye. Ya kusa kammalawa, saura ya ce ga abin da yake roƙo ya zauna, sai ya ɗaga kai. A daidai lokacin Baba Sanda ya turo jiki gaba, ya kare kunne da tafin hannu don ya ji da kyau. Suka haɗa ido.

Na ga fuskar maigidana ta canza. Na san fuskar nan, ita ce ta filin taro.

“Mai girma Kakaki,” in ji shi, “butulci na in zamna ban gaida ubana ba. Ga ya can bisa, Baba Sanda, wakilin maigari, ɗan Malam Garba, wanda yar riƙe ni ban da kowa, kuma yat taso da tsuhwanai yak kawo muna kukan jama'a.”

Tebura suka ɗauka. Kowa ya waiwayo sama, wayoyi ma suka waiwayo. Tsohon nan fa? Me zai yi? An gaishe shi a gaban manya. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, ya koma ya zauna. Can ƙasa kuwa, Onarabul na zama ya gane abin da ya yi. Na ga ya cire hula ya kifa kai a kan tebur, na kusa da shi suna tsammanin tausayi ne ya kama shi.

Na sauko a guje na tari wakilin gidan rediyo, na roƙe shi don Allah ya yanke wurin. Mutumin kirki, nan take ya yarda. Amma samarin jam'iyya masu ɗaukar bidiyo sun riga ni. Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya a mazaɓar, har da rubutun yabo a ƙasa, wai ga ɗan halak mai tuna alheri. Na bi su ɗaya-ɗaya suna gogewa, ina zaginsu, alhali na san aikin banza nake yi.

Bayan la'asar, a zauren Runjin Sambo, na ga abin da ban so gani ba. Babban mutum, ɗan majalisa, ya durƙusa a gaban tsoho yana kuka da hawaye.

“Baba, na kashe ka. Ka zamna nan, ga ɗaki. In aika a ɗauko iyali.”

Baba Sanda ya kama shi ya ɗaga. “Tashi, Malam Bello, kar wani ya shigo ya gan ka. Na san ba mugunta ta ba, halinka na, da shi munka san ka. Amma in ban koma ba, ɗiyana za su ɗauka madadina, ko su sa wa garin wuta. Gara su ishe ni gida.”

Babu irin roƙon da ba mu yi ba. Abu ɗaya ya nema, in saya masa maganin ɗigawa a ido, ko da za a tambaye shi a hanya. Na saya. Ni na kai shi tasha bayan sallar asuba. Ya sa mini albarka, ya shiga mota, bai waiwayo ba.

Bai cika mako da komawa ba 'yan bindigar suka zo. Suka kira shi daga masallaci da rana tsaka, suka ce ga wanda ya je birni aka buga masa tebur. A bakin gari suka harbe shi, jama'a na kallo. Ba su taɓa 'ya'yansa ba, ba su kuma ƙone garin ba. Lissafin tsohon ya yi daidai, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Ƙudiri kam ya wuce, ba wanda ya ja. Aka miƙa wa kwamiti. Jami'an tsaro sun je bayan an yi girbi, suka ɗan zauna, suka tashi. Onarabul bai samu zuwa jana'iza ba, hanya ba ta biyuwa gare shi. A ƙofar gidansa ya shimfiɗa tabarmi ya karɓi gaisuwa kamar ɗan cikin mamaci. Ya ƙarasa zangonsa da ƙyar, da lokacin takara ya zo bai nemi komawa ba. Yana nan cikin gari yana ɗan nomansa a fadama. In an matsa masa ya yi magana a ɗaurin aure, sai ya yi sallama, ya yi addu'a, ya zauna. Yaran yanzu cewa suke girman kai gare shi.

Ni ban taɓa ganinsa mugu ba, kuma har yau ina jin haushinsa, duka biyun suna nan tare a zuciyata. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aikin nan an koya mana ambaton suna kyauta ce, ita ce ma wadda muka fi saurin bayarwa tunda ba ta rage mu da komai. Su kuma mutanen karkara kunya ba ta barinsu su ƙi karɓa, ko da sun san abin da ke biye da ita. Don haka kafin ku sa sunan wani a bakin maigidanku, ku tambayi kanku inda mai sunan zai kwana. Mu a Sakkwato muke kwana, bayan katanga da maigadi. Shi ƙauye zai koma.