Fayafayan Yaya a Kwata

Ban samu jana'izar Yaya ba. Da hantsi ya faɗi a bakin teburinsa na nama a Anacha, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ni kuwa ina Inugu a gaban allo ina koyar da Turanci, wayata a kashe cikin jaka. Wannan ban riƙe kowa da shi ba, haka addini ya ce a yi. Abin da na riƙe daban ne, kuma har yau ban sake shi ba.

Washegari na iso gidanmu na unguwar Fegge a Anacha. Na yi gaisuwa, na yi kuka da matarsa har muka gaji, sannan na shiga ɗakinsa na durƙusa na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Tun a mota shi nake tunani. Na buɗe, babu komai sai tsohuwar jarida da aka shimfiɗa a ƙasa. Na ɗaga kai na duba ɗakin, sai na ga an gyara shi kamar ɗakin limami: darduma a shimfiɗe, carbi a rataye, ga littattafan addu'a da na san ba nasa ba ne an jera a kan tebur.

"Ina fayafayansa?" na tambayi matarsa.

Ta sunkuyar da kai. "Baffa ya kwashe tun jiya. Ya ce in ruwa ya sauko, nan maza 'yan gaisuwa za su fake."

Fayafayai goma sha huɗu ne, na wani kiɗan Amurka da ake kira nu-metal, a gidanmu kuwa sunansa kiɗan mahaukata. Jita ce mai ƙugi kamar injin markaɗe, ga ganga, wani yana zuba magana da sauri, wani kuma yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Yaya ya fara tara su yana saurayi, daga masu buga na jabu a babbar kasuwa. Hoton bango daban, waƙoƙin ciki daban, wasu ma ko suna babu. Ni ina 'yar sakandare lokacin, ni ce mai Turancin gidan, don haka yakan miƙo min kunne ɗaya na abin sauraro ya riƙe ɗaya, ya ce, "Malama, me wannan ɗan banzan yake cewa?" In na ce ban ji ba, sai ya ce ashe kuɗin makaranta asara ake yi.

Mutanen unguwa sun san Yaya a matsayin mai haƙuri, kuma ba ƙarya suka yi ba. Na sha kai masa abinci kwata, na ga abin da yake haɗiya. Mace za ta ɗaga tsoka ta jefar a kan tebur ta ce, "Aboki, you wan cheat me?" Ya yi murmushi ya ce, "No vex, madam," ya ƙara mata gyara. A Fegge aka haife shi, Ibo a bakinsa ya fi na wasu 'ya'yansu, amma duk ranar da aka ji labarin rikici a Arewa, shi za a harara a ce ya koma garinsu. Wane gari? Sau uku ya taɓa zuwa Kano a rayuwarsa, duk ukun da zazzaɓi ya dawo. Dattawanmu kuma kullum karatunsu ɗaya: mu baƙi ne, a yi haƙuri, a sunkuyar da kai. Sai ya dawo gida bayan la'asar, ya yi wanka, ya yi salla, ya rufe ƙofa ya sa faifai. In ka leƙa ta taga za ka gan shi tsaye, ido a rufe, jijiyar wuyansa ta tashi, baki a buɗe yana bin ihun amma ba sauti, don kada maƙwabta su ji. Bayan kamar rabin sa'a zai fito yana tsokanar kowa. Haka ya yi shekara ashirin da ɗoriya.

Na sami Baffa, ƙanin mahaifinmu, a ƙofar gida a kan tabarma. Na jira mutane suka ragu, na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya min.

"Baffa, ina aka kai fayafayan Yaya?"

"Na rufa masa asiri, 'yata. Mutumin kirki irin wannan, a shigo ɗakinsa a ga hotunan aljanu? Me za a fita ana faɗa?"

"Ƙona su aka yi?"

"A'a, ba a yi almubazzaranci ba. Na ba abokan sana'arsa, suna da amfanin da suke yi da su."

Na ce ai da an tambaye mu. Ya dube ni ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Shekarata arba'in da ɗaya, ina da 'ya'ya uku da furfura a gaban goshi, amma har yanzu rimi ake nuna min.

Ban ma san na hau okada ba sai da na ganni a kwata, da hijabin zaman makoki da silifas ɗin wanka. Tun daga nesa na hango su. An rataye su da zaren buhu a saman teburan nama, suna juyi suna walƙiya a rana, wai hasken yana korar ƙuda. Ƙudajen kuwa ko a jikinsu, ɗaya ma na zaune a kan faifan yana goge hannu. Na tsaya ina kallo. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ranar na gane gaskiyar maganar, don mutuwa ban yi faɗa da ita ba.

Wani dattijon mahauci, wanda teburinsa ke kusa da na Yaya, ya taso yana min ta'aziyya. Na amsa a gaggauce, na miƙa hannu na tsinke na farko. Sai na ga an huda shi a gefe da ƙusa mai zafi, bakin hudar ya narke ya yi baƙi.

"Baba, faifan nan ba da huda a tsakiyarsa aka ƙero shi ba? Sai an sake yi masa wata?"

"Ai Hajiya, in ta tsakiya aka zura zare ba ya juyawa da kyau. Ta gefe ta fi."

Wallahi da gaskiyarsa yake min bayani, kamar mai koya min sana'a. Na bi teburan ɗaya bayan ɗaya ina tsinkewa, masu ciniki suna kallona, wata tana cewa "wetin dey worry this one". Tara na samu. Sauran an ba masu baro sun manna a jikin barorinsu don ado, sun bazu cikin kasuwa, kuma wanda ya san babbar kasuwar Anacha ya san an gama magana. Dattijon ya kawo leda ya zuba min su, da maiƙon kitse da komai, ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙansa. Ban taɓa ganin fushinsa ba." Na karɓi ledar ban ce amin da ƙarfi ba.

Da na koma Inugu bayan sadakar bakwai, na wanke su da sabulu da ruwan ɗumi, na aro tsohuwar na'ura a wurin wata maƙwabciya. Ranar Asabar, yara sun tafi Islamiyya, na zauna na saurare su duka a jere, karo na farko cikin kusan shekara ashirin. Na yi zaton kuka zan yi. Ashe wani sabon fushin ne yake jirana.

Rabinsu shirme ne, gara in faɗa. Ƙattin samari da suka ci suka ƙoshi suna kururuwa don an ce su gyara ɗakinsu. Akwai wani da yake ta cika baki zai fasa kaza zai rushe kaza, kana ji ka san ko kaza bai taɓa yankawa ba. Da ya zo kwata ya ga Yaya yana kayar da bijimi, da ya sauke murya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, yanzu kunnena ya buɗe, ina jin kowace kalma, sai na ji irin zagin da wasunsu suke yi wa mata. Da ina yarinya sai in wuce wurin in ce ban ji ba, Yaya kuma ya yi min tsiya. Na kashe na'urar na zauna ina masa faɗa a raina: ashe wannan ka sa ƙanwarka ta fassara maka? Ina ganin bai gane ba. Ina fata bai gane ba. Biyu daga ciki na mayar da su cikin leda, kuma da a ce ƙuda suna gudunsu da gaske, da ni da kaina na mayar wa dattijon.

Amma uku sun tsaya da ƙafarsu, ɗaya kuma ya fi duka. Shi ne mara bango, wanda Yaya ya zana wa wuƙa da jan biro don ya riƙa gane shi. Mai gangar ba ya gaggawa, yana sauke duka inda ya kamata. Mawaƙin kuma ba ya fara da ihu. Yakan fara ƙasa-ƙasa, da ladabi, kamar mai ba da haƙuri, yana maimaita magana ɗaya, yana maimaitawa, har sai ka ji muryar ta fara tsagewa, sannan ya saki. Da ina yarinya sakin nake jira. Yanzu sai na ji ashe aikin duk yana cikin riƙewar. Na tuna "no vex, madam" sau ɗari a rana, na gane abin da Yaya yake nema a wurin mutumin nan da bai san ko sunansa ba. Likita ya ce hawan jini ne ya kayar da shi. Na yarda da likita, amma na san abin da yake hawar da jinin.

A ƙarshen wannan faifan akwai wata waƙa mai sanyi, ba ihu ba ganga. Ita kaɗai Yaya yake bi da murya a fili, da karyayyen Turancinsa, yana taje gemu zai fito. Ban sani ba sai ranar, ashe faifai daga tsakiya yake fara karantawa ya nufi gefe, waƙar ƙarshe tana can bakin da'ira, daidai inda ƙusa ta shiga. Jitar ta fara, mutumin ya ja numfashi, sai na'urar ta kama tsalle a wuri ɗaya, kat, kat, kat. Na goge da mayafi, na hura, na goga man goge baki kamar yadda muke yi da, a banza. Wata abokiyar aikina ta ce waya za ta iya nemo min waƙar cikin minti ɗaya. Na san da haka. Ba ta Amurka nake nema ba, wadda ta kwana a ƙarƙashin gadon Yaya nake so, kuma ita an huda ta don ƙuda.

Na yanke shawara a raina. Ranar sadakar arba'in zan faɗa wa Baffa a gaban kowa cewa Yaya yana da fushi, fushi mai yawa kuma mai dalili, cewa haƙurin da ake yabo ba kyauta ya same shi ba, kullum sai ya rufe ƙofa ya biya farashinsa. Ina so 'ya'yansa su san ubansu mutum ne, kada su tashi suna zaton duk ranar da ransu ya ɓaci sun gaza shi. Na tsara maganar tun daga Inugu, na maimaita ta a mota har muka shigo Anacha. Faifan mai wuƙa yana cikin jakata.

Bayan an shafa fatiha an raba waina, Baffa ya shigo cikin gida wurin mata. Ya zauna a kan kujera, ya tara 'ya'yan Yaya a gabansa, ya ce su yi koyi da ubansu. Ya ce tun yana yaro ba a taɓa jin muryarsa a sama ba, a zage shi ya yi dariya, a cuce shi ko Allah ya isa ba ya cewa, zuciyarsa fara ce tas, babu ɗigon fushi a cikinta. Mata suna ta "Allahu akbar". Ina durƙushe a gefe, hannuna a cikin jaka, yatsana a kan hudar ƙusar, kuma na lura idon tsohon ya kaɗa ya yi ja, don shi ma Yaya ɗa ne a wurinsa. Sai ya juyo gare ni.

"Ga ƙanwarsa nan, ita ta fi kowa saninsa. Ko ba haka ba ne, 'yata?"

Na ji maganar ta taso tun daga cikina har maƙogwaro, na ji jijiyar wuyana ta tashi. Na buɗe baki.

"Haka ne, Baffa," na ce. Har da murmushi na yi.