Akwatin da Malam Burahima Ya Ƙi Liƙewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, Allah ya karɓi ran Malam Burahima Mamadu, malamin kimiyya a nan Gure, bayan gajeruwar jinya a Damagaram. Ni ne Tahiru mai shagon kayan lantarki. Shekara da shekaru ina ba shi benci da shayi, yana cika min kunne da zancen na'urori.

Malam, ina tuna ranar da ka tattaro tsofaffin kwamfutocin lakwal, wato makarantarku, da kowa ya fid da rai da su, ka sa musu manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Kafin la'asar duk sun tashi. Sai ka ɗauka na'ura ma haka take. Ka samo zanen na'urar da ke sarrafa famfo mai aiki da hasken rana, shi ma kyauta, ka yi wa wani ƙauye a yankin Bune alkawarin ruwa.

Nan ka sha wuya, ni kuwa na sha dariya. Zanen ya ce a sa wani ƙanƙanin abu da babu shi a Damagaram, babu shi a Kano. Da aka samo shi da ƙyar, zafi ya ƙona shi, don waɗanda suka yi zanen ba su san ranarmu ba. Na ce ka sayi akwatin na'urar na kamfani ka huta. Ka ce wancan a liƙe yake, ran da ya mutu sai dai a jefar.

"Tahiru, manhaja ta girma har ta yi jikoki," ka ce min. "Ita na'ura rarrafe take yi, sai an riƙa mata hannu."

Ka sake zanen da kayan shagona da na cikin matattun rediyo, ka rufe akwatin da sukurori, ka kuma saka zanen a intanet kyauta yadda ka same shi. Ruwa ya zo.

Bayan sadakar ukunka aka aiko cewa famfon ya tsaya, dabbobi na tsaye a bakin kwami, mata sun koma ga guga. Wallahi na ji tsoro, na ce a raina tare da kai muka binne ruwan mutanen nan. Na tafi da Salima, tsohuwar ɗalibarka mai gyaran waya a tasha. Ta kwance akwatin, ta gane abin da ya ƙone, ta sa sabo. Da na ji ƙarar ruwa a bututu, kukan da ban yi a maƙabarta ba a nan na yi shi.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Balkisa, da 'ya'yanka, da ɗalibanka. Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa ruwan nan ya zame maka sadaka mai gudana, ya shayar da kai daga Alkausara. Amin.