Kunnen Saniyar Kakana

Tsakin da jikanyata ta ja jiya da yamma shi ya tuna mini da kakana. Tana zaune bakin ƙofa da waya a hannu, tana kallon wani shiri mai dogon zango na 'yan fashi, sai wani a ciki ya sayar da amininsa. Ta ja tsaki mai tsawo, ta ce Allah ya isa. Na gaya mata wannan tsakin gado ne, kada ta ɗauka ita ta ƙirƙiro shi.

Ni da kuke gani sai da na kai aji uku kafin noma ya kira ni, saboda haka ina da hurumin ba da tarihi.

A ƙauyenmu, can gefen Mairuwa, akwatin rediyo ɗaya ne a lokacin, na kakana. Har yanzu ina jin warin batir ɗinsa da ake shanyawa a rana don ya farfaɗo. Duk mako bayan la'asar ake sa wani wasan kwaikwayo na ɓarayin shanu, dattawa su shimfiɗa buzu a gindin ɗorawa su kasa kunne. A wasan, wani ya ba amininsa riƙon shanu, aminin ya haɗa baki da ɓarayi suka kwashe, ya zo yana kuka wai an yi masa sata.

Dattawan nan ba su ɗauki abin wasa ba. Da an rufe rediyo sai shari'a ta zauna. Mahaucin garinmu ya ce in shi ne, rumbun maci amanar zai cinna wa wuta. Liman ya ce a bar wa Allah, amma in mai shanun ya ƙone rumbun, shi dai bai gani ba. Kakana kuwa ya yi ta shafa gemu.

To, kakana ma yana da shanu a riƙo, wajen amininsa da ke bayan rafi, wanda suka yi kaciya tare. Ƙa'idar riƙo a wurinmu sananniya ce. Mai riƙo ya sha nono, ya kwashi taki, in an haihu ya aiko a sanar. Mai dabba kuma ba ya taka garke sai an kira shi. Zuwa dubawa daidai yake da cewa ba ka yarda da mutum ba.

Washegarin wannan shari'ar, tsakiyar damina, raɓa ba ta ɗauke ba, kakana ya ce zai je gaida amininsa. Ya same shi yana tatsa. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yabi ruwan bana. Da nan ya tsaya da shi ke nan. Sai hannunsa ya kai kan wata saniya, ya kama kunnenta ya juya, yana duba ko tsagar gidanmu na nan.

Aminin ya ajiye ƙwarya ya ce, "Malam, tsagar na nan?"

Kakana ya ce ai kaska ya gani.

Kafin azahar shanun suna ƙofar gidanmu, har da 'yan maruƙa. Aminin da kansa ya koro su, ya ɗaure a turke, ya yi sallama cikin ladabi ya tafi. Ko'ina shuka ce, dawa ta kai gwiwa, babu inda za a saki dabba ba ta shiga gonar wani ba. Dole sai yankan ciyawa safe da yamma. Kakata ta ce wanda ya iya duba kunne ai ya iya riƙe lauje.

Ramuwar ba ta tsaya nan ba. Ran kasuwa aminin ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayo rediyo, wanda ya fi na kakana girma da amo. Majalisa ta lallaɓa ta koma bayan rafi, liman a gaba, wai zai je sulhu. Sulhun nan duk mako ake yinsa, daidai lokacin wasan.

Ranar da aka kawo ƙarshen wasan, kakana yana fadama da lauje. Bai ji yadda mai shanu ya rama ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya. Shi da amininsa sun ci gaba da gaisawa a masallaci da wurin jana'iza, gaisuwa cikakkiya, ba a rage ko kalma. Amma ba su sake sa hannu a kwano ɗaya ba har aka binne su.

Yanzu kowane jika da wayarsa, ya toshe kunne, ya zagi maci amana shi kaɗai, ya rubuta ra'ayinsa a ƙasan hoto, ya tashi ya ci tuwo. Babu wanda zai rasa aboki a kan haka, na yarda an ci gaba. Riƙon shanu ma ya ƙare, don daga Faskari zuwa Sabuwa mutanen daji sun kwashe na mai riƙo da na mai ba da riƙo, ba su kuma duba kunnen ko ɗaya ba.