Kawu Fenti da Farin Allo

Ƙanin mahaifiyata ne, amma ko mu 'yan gida da Kawu Fenti muka san shi. Sana'arsa rubuta allunan shaguna da hannu. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai gyaran agogo da mai walda, cike da gwangwanayen fenti da katakai jingine da bango, ga warin kananzir da yake jiƙa buroshi a ciki. Ban taɓa ganin farcensa babu launi ba, ko a wurin ɗaurin aure.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi faɗa da masu kawo aiki. Ba ya rubuta wa mutum allo sai ya je ya ja kujera a shagonsa, ya ga yadda yake sana'ar. Wai tela mai fara'a da tela mai ɗaure fuska ba rubutu iri ɗaya ya dace da su ba. Idan kuma shago ya mutu, Kawu ne ke zuwa ya sauke allon, ya shafe shi da fari, ya ajiye har mai sabuwar sana'a ya zo.

Ana nan sai ga injin da ke buga rubutu da hoto a kan leda ya sauka a layinsu. Kafin Kawu ya gama gaisawa da mai shago, injin ya tofo aikin mutane da yawa. Aiki ya ja baya, har ya zama wuni yake yi yana koyar da mai walda tarihin duniya. Matarsa, Inna, ta ce ya rufe shagon ya huta. Ya ce shi ba ya binne sana'a sai likita ya tabbatar ta mutu. Da ya ji na samu gurbi a jami'a, a sashen da ake nazarin sana'o'in fasaha da inda suka dosa, sai ya ce to ga likitocin nan. Ya kakkaɓe takardunsa na sakandare, ya nema, aka ba shi. Ya kuma yi wa Inna alkawari cewa in karatu ya nuna sana'ar ba ta da gobe, da hannunsa zai sauke allon shagonsa.

An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a faɗi halin da 'yar 'yar'uwar mai gemun za ta shiga ba. Ajinmu ɗaya. Shi yana layin gaba, ni ina can baya ina roƙon Allah kada ya waiwayo, shi kuwa sai ya waiwayo, ya ɗaga murya ya tambaye ni ko na karya. Idan Malama ta haska rubutu a majigi tana bayanin yadda kasuwar fim da waƙa ke sauyawa, sai ya ɗaga hannu, ba don tambaya ba, don ya sanar da ita cewa haruffan nan yunwa suke ji. Malama ta yi ta haƙuri, daga baya ma ita ke fara tambayarsa ko rubutun yau ya ƙoshi.

Koya masa kwamfuta ya faɗo a kaina. Da 'yan yatsu uku yake riƙe linzamin kwamfutar kamar buroshi, kuma duk ya ja layi sai ya ɗaga shi sama a hankali don kada fenti ya ɗiga. Na yi dariya har da hawaye. Amma karatun, wallahi, da gaske yake yi. Duk abin da aka ce a karanta sai ya karanta. Na kuma lura, yana ƙara karatu yana rage surutu, kuma abin ya dame ni.

A ƙarshen karatu aka ce kowa ya zaɓi sana'a, ya tsaya gaban malamai ya faɗi inda ta fito da inda ta nufa. Kowa ya zo da kwamfuta. Kawu ya zo da ƙaton allo a nannaɗe da tsofaffin jaridu, wanda ya ƙi shiga ƙofa sai da aka kwantar da shi. Aji ya kaure da dariya, Malama ta ce a bar shi, kowa da irin majiginsa.

Ashe gida ya zauna da samfefa ya kankare allon layi-layi, kowane layi ya tsaya a kan wani tsohon rubutu. Ya yage jaridar ƙasa, sai ga jan rubutun mai sayar da kaset. Ya ba da labarin mutumin, da yadda ake cika ƙofarsa ana jiran a ɗaukar wa kowa waƙa. Ya yage ta biyu, ga shuɗin rubutun mai ba da hayar faifan fim. Ta uku kuma ta wani saurayi ce mai tura waƙoƙi a waya, wanda ya ɗauka shi ya zo kenan. Katako ɗaya ne, in ji Kawu, masu shi ne ke wucewa, kuma kowannensu sai da ya rantse tasa sana'ar ba ta mutuwa. Ana ta dariya ana tafi.

Da ya yage ta huɗu, dariyata ta tsaya. Kore ne da ruwan ɗorawa, rubutun da na saba gani a saman ƙofarsa. Allon shagonsa ne. Sauran katakon, daga nan har sama, fari ne fat.

Malama ta tambaye shi a hankali me za a rubuta a farin.

"Malama, na karanta abin da kuka ba ni, kuma ban ga ƙarya a ciki ba," in ji shi. "Mutane ba za su daina son a rubuta sunansu da kyau ba. Hannuna ne dai ba za su jira ba. Saman nan na mai zuwa ne."

Ya ci jarrabawa. Inna, wadda ta daɗe tana cewa a rufe shagon, ita ce ta shige ɗaki ta yi kuka da ta ji an sauke allon.

Mai zuwan kuwa ni ce. Kawu ya ba ni shagon, muka kwashe gwangwanaye, na kafa kwamfuta ina zana tambarin kamfanoni da bangon littattafai. Ya sake shafe allon gaba ɗaya da fari ya jingine mini, ya ce in kai wa masu inji su liƙa leda. Na ce ban yarda ba, shi zai rubuta, da hannunsa.

Ya daɗe yana kallon farcensa. Can ya ce, "Auta, kin san ƙa'idata. Sai na zauna na ga aikinki tukuna."

Washegari ya zo da kujerarsa. Yau an fi shekara, kullum yana nan gefen tebur, yana shan shayi, yana gaya wa masu kawo aiki cewa haruffan da suka zaɓa ba su da kunya, su kuma suna sauyawa. Maƙwabta sun gaji da tambayar yaushe shagon zai samu suna. Jiya ma Inna ta aiko a tambaye shi ko ya gama kallon. Ya ce a gaya mata aikin yarinyar nan da wuyar ganewa, da saura. Ni dai na san ya gama gani tun makon farko, kuma ban taɓa tuna masa da allon ba.