Layi na Ashirin da Huɗu

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, a cikin ɗakina, da hantsi rana na haskawa, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara masa komai ba. A Kontagora ne, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin ina goyon Safiya 'yata ta fari, kuma har yau idan na tuna sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma mutum ne da jama'a suka yarda da shi ƙwarai, shi ya sa tun kafin a haife ni mutane ke kawo masa ajiyar littattafai, irin na rubutun hannu ɗin nan da ake gada daga kakanni. Wani zai yi tafiya, wani yana tsoron gara, wani kuma 'ya'yansa ne ba su san darajar abin ba. Daga Nasko, daga Zugurma, daga ƙauyukan da ban ma san sunansu ba. Shekara da shekaru suka cakuɗe da nasa a akwatuna uku, ba wanda ya san na wane ne wanne sai shi kaɗai, ga shi kuma idonsa ya fara rauni.

Shi kuwa maigidana, Abban Safiya, malamin makaranta ne, yana kuma buga wa mutane takardu a gida da wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a gwanjo, mai baƙar fuska da korayen haruffa. Da yake na koyi tafireta a sakandare, sai ya koya mini tsarin rubutu guda ɗaya da ke cikinta, shi kaɗai na iya, amma na iya shi sosai.

To da Baba ya ji haka, sai ya riƙa zuwa gidana duk ranar Alhamis da ba a karatu, ya shimfiɗa buzunsa kusa da tebur, yana faɗa ina bugawa: littafi kaza, mai gafaka kaza, na wane ne ɗan wane, a gari kaza. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ranar farko ya daɗe yana kallon hasken, ya ce, "Uwata, wannan akwatin naku ba ya mantuwa?" Na ce, "Ba ya yi, Baba." Ya yi dariya ya ce, "To ya fi ubanki."

Alhamis uku muka yi, littafi ashirin da uku, da hannuna na sa wa kowanne lamba. Da na ce a buga a takarda sai ya ɗaga hannu ya ce, "Bari tukuna. Zuciyata na gaya mini da saura ɗaya, yana nan kusa, ya ƙi zuwa. In na tuna sai a buga gaba ɗaya." Abban Safiya ya kwafe rubutun a ɗan faifan nan baƙi mai kusurwa huɗu da ake cewa fulofi, ya miƙo mini ya ce in ɓoye inda hannun kowa ba ya kaiwa. Ni kuwa wurin da ya fi tsaro a duniyata shi ne durowar keken ɗinkina, don tana da makulli. Na naɗe shi a ƙyalle na sa, na kulle, raina fes.

Alhamis ta huɗu Baba bai zo ba. Zazzaɓin kwana biyar ne, farkon damina, ya tafi. Baffa Liman, ƙanin Baba, shi ne zai raba gado, ya ce washegarin sadakar arba'in za a zauna, amma ba zai taɓa ko warƙa ɗaya ba sai an fitar da kayan mutane, in kawo takardar nan da marigayi ya ce yana rubutawa a gidana.

Ana cikin zaman makoki ne Abban Safiya ya kai tsohuwar kwamfutar Minna ya yi musaya da sabuwa mai launi, ya juye duk takardunmu a ciki, har ya sa aka saka mini tsohon tsarina don kada in rasa abin yi. Saura kwana huɗu a zauna muka ce bari mu buga. Yana sauri, sai ya buɗe rubutun Baba da sabon tsarin maimakon tsohon, kwamfutar ta yi masa wata tambaya da Turanci, ya danna eh bai ko karanta ba. Wallahi a gaban idona sunayen mutane suka koma ƙananan akwatuna da wasu ƙugiyoyi marasa ma'ana, layi bayan layi. Ya koma tsohon tsarin, shi ma ya ce bai san wannan rubutun ba.

Ya share gumi ya ce, "Kada ki damu Maman Safiya, ai don irin wannan ranar na ba ki fulofi. Ɗauko."

Na buɗe durowa, na zaro ƙyallen, sai ga shi ya fito manne da mayen ƙarfen da nake tsince allura da fil da shi, wani ƙato zagayayye da na ciro daga lasifikar mataccen rediyonmu. Na ɓamɓare shi ina murmushi. Da na ɗago sai na ga fuskar mutumin nan ta canza.

"Tun yaushe suke tare?"

"Tun ranar da ka ba ni."

"Innalillahi! Kusan wata biyu a jikin mayen ƙarfe? Maman Safiya, ai da a rijiya kika jefa shi ya fi!"

Na ce, "To ka gaya mini? Cewa ka yi in ɓoye, na ɓoye."

Ya sa faifan ya fi sau goma, yana ƙara ƙir-ƙir yana tsayawa. Washegari ya hau mota har Minna wurin mai gyaran da suka yi musayar da shi, mutumin ya gwada a kwamfuta uku ya ce faifan wayam yake kamar ba a taɓa rubuta masa komai ba, tsohuwar kwamfutar kuma ya goge ta ya sayar tun tuni.

Kai, ban taɓa kuka irin na kwanakin nan ba, ko ranar rasuwar. Abin da ke cin raina shi ne Baba yana kwance a kabarinsa da amanar mutane a wuyansa, bawan Allah ya tako da sandarsa Alhamis uku don ya sauke ta, ni da ya kira Uwata na zubar. Na zauna da biro ina ƙoƙarin tunowa, na sami suna tara, su ma ban tabbata wane littafi ne na wa ba. In aka raba a haka, 'yan uwana za su ci haƙƙin marayu ba su sani ba.

Ranar zaman, Abban Safiya ya riga ni tafiya gidanmu don ya yi wa Baffa bayani, ni na kasa haɗa ido da shi. Na yi sallar walha, na yi wa Baba addu'a, na ɗauko Alƙur'anina na karanta abin da ya sawwaƙa. Rubutun hannu ne mai jar gafaka, Baba ya miƙo mini shi ranar da za a kai ni ɗakin miji, ba ni da abin da nake so kamarsa. Da na idar sai na ga an kawo wuta, faifan yana kan tebur inda aka yar da shi. Ban san abin da ya sa ba, na kunna kwamfuta, na shiga tsohon tsarina, na yi bisimilla na tura shi.

Bai yi ƙir-ƙir ɗin nan ba. Shiru kawai, sai ga rubutu ya cika fuskar, tsaf, lamba ɗaya, lamba biyu, kamar yadda na buga. Na ce Allahu akbar da ƙarfi, na danna a buga, firinta ta kama kukanta, ni kuma ina tsaye ina bin takardar da yatsa tana fitowa. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, ashirin da uku. Na miƙa hannu zan yage, sai firintar ta ci gaba.

Lamba ashirin da huɗu. Ga abin da ke rubuce, na haddace shi kamar Fatiha: "Uwata, na tuna. Alƙur'ani mai jar gafaka da ke hannunki ba nawa ba ne. Na Malam Garba ne na Ibeto, ya bar mini da zai tafi hajji ta ƙasa, bai dawo ba. Ya bar jaririya, Hajara. A kai mata. Ki yi haƙuri."

La'ilaha illallahu! Na zube a ƙasa, ihun da na yi ya tada Safiya daga barci tana tsala kuka, ni kuma ina waige-waige a ɗakin, ba kowa sai labule yana motsi da inda buzun Baba yake zama. Ban san yadda na goya yarinyar ba, na dai ga kaina a kan acaɓa, takarda a hannu ɗaya, Alƙur'ani a ƙirji.

Na tarar da su a zaure, akwatuna a buɗe. Abban Safiya ya karɓi takardar ya karanta wa Baffa har layin ƙarshe. Baffa ya ce, "Garba dogo. Ina yaro aka raka shi bakin gari. Ni kaina na manta da shi." Ya karɓi gafakar ya shafa ta ciki da waje, ya ji wani wuri da tauri, ya sa aska ya farke ɗinkin. Wata 'yar takarda ce ta yi ja don tsufa, da ajami: mallakar Garba ɗan Isa, Ibeto. Shekara shida littafin nan yana ɗakina ban san da ita ba. Sauran ashirin da ukun kuwa aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai saɓa ba.

Da la'asar Abban Safiya ya sake tura faifan, ya koma ƙir-ƙir ɗinsa, bai ƙara buɗewa ba har yau. Shi dai cewa yake wataƙila Baba ya faɗa na buga na manta saboda ruɗewa. Na ce masa, "Abban Safiya, macen da aka ce ta rabu da Alƙur'aninta za ta manta?" Da na tambayi Baffa, cewa ya yi, "Ɗiyata, mamaci ba ya dawowa, wannan mun sani. Sauran kuma Allah ya bar wa kansa sani. Ki yi masa addu'a, ki kai wa mai abu abinta."

Muka je Ibeto ranar Asabar. Mun sami Hajara tana sussukar dawa a tsakar gida, mace ta kusa arba'in, ba ta taɓa ganin ubanta ba, ba ta da ko hularsa. Da na faɗa mata ta wanke hannu ta yi alwala, ta karɓa ta rungume, muka yi ta kuka ni da ita kamar 'yan uwa. Can ta share ido ta ce, "Baiwar Allah, wa ya gaya miki nawa ne?" Na ce, "Babana." Ta ce, "Allah ya saka masa. Ki gaishe shi, ki ce zan zo da kaina in yi godiya." Na dubi maigidana, ya dubi ƙasa.

Don haka 'yan uwa, in za ku canza kwamfuta, kada ku saki tsohuwar sai kun buɗe kowane rubutu a sabuwar kun gani da idonku. Ku yi kwafi biyu ku raba musu wuri, mai muhimmanci ku buga shi a takarda a ranar, kada ku jira ya cika. Wanda kuma ke riƙe da kayan wani, ya mayar tun yana iya takawa da ƙafarsa.

Faifan yana nan a ƙasan akwatina, ban yar ba, ban kuma sake gwada shi ba. Jikokina sun ce akwai masu iya buɗe irinsa yanzu, na ce a bar shi. Ina tsoron in ga lamba ashirin da biyar.