Bakina Ne Rediyonsa

Karatuna na boko bai wuce aji uku ba, shi ma ajin ukun sau biyu na zauna shi, amma babu shugaban ƙasar da ban taɓa gyara wa kuskure ba. Daga kan wani benci nake yi musu gyaran, a ƙofar tsohuwar masaƙarmu da ke Challawa, da 'yar rediyona mai ɗaurin roba. Ba su taɓa bin shawarata ba, shi ya sa duniya take yadda kuke ganinta.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaukar maganata da gaske, da ma bai ɗauka ba.

Mutumin Damagaram ne, can Nijar. Tare muka shiga masaƙar muna samari, injinsa yana fuskantar nawa. A ɗakin saƙa ƙarar injuna ta kai ko a kunnenka mutum ya yi ihu ba za ka ji ba, saboda haka da leɓe muke magana: ka kalli bakin abokin aikinka ka karanta. Akwai kuma ƙa'idar da ba wanda ya rubuta, ba a wasa da leɓe. In na ce maka kashe inji, ka kashe, don wataƙila hannun rigarka ne bel ɗin injin ya kama. Duk tsiyata, kuma Allah ya hore min ita, sai mun fito nake sauke masa. Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne tun kakanni, ni kuwa na riƙi wasan kamar aikin gwamnati.

Da wuta ta ƙi tsayawa, atamfar waje ta cika kasuwa, sai aka rufe masaƙar. Abin da muka fita da shi shi ne kurumta: ni kunne ɗaya, shi duka biyun. Masu wurin suka bar shi yana gadin injunan da suka mutu. Ni kuma kullum bayan la'asar sai in taho daga Dorayi, in manna rediyo a kunnena mai rai, in juyo masa da fuskata ina maimaita labarai. Haka ya ji zaɓe, haka ya ji an cire tallafin mai, haka ya ji yaƙin Rasha da Yukren. Yaƙin nan da tsakuwa na zana masa shi a ƙasa, na ajiye Yukren kusa da Makka, don a lokacin can nake zaton take.

Matsalar ita ce bakina ba ya rabe labari da sharhi. Rediyo ta ba ni mudu, ni in miƙa masa buhu. Da farko yakan tambaya ko rediyo ce ta faɗa ko ni ne, in yi dariya in ce ni ne. Da tafiya ta yi nisa ya rage tambaya.

Sai ga daminar da sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar da ake ba su daga nan, har ana maganar tura sojoji. Manyan da suka yanke hukuncin nan ba na jin akwai wanda surukarsa ke tsallaken iyaka, mu kuwa a nan kusan kowane layi akwai mai ɗan'uwa a can. Amma ni a makon farko abin wasa na samu. Na ja layi da gawayi a tsakiyar benci na ce kada ƙafarsa ta tsallako. Na cire batirin rediyo na nuna masa, na ce na yanke musu wuta. Ya yi murmushi kaɗan, ba irin wanda na saba gani ba.

Matarsa tana ƙauyensu da ciwon suga, shi yake aika mata magani ta hannun direbobi, direbobin kuma sun daina tafiya. Tunda ba ya jin waya, tawa 'yarsa take kira, ni in faɗa masa. Wata Litinin ta kira ta ce jikin Inna ya yi tsanani, ba ta cin abinci, kuma tana ta tambayarsa.

Washegari na tarar ya ɗaure kayansa a buhu. Ya ce zai bi ta Maigatari, daga nan masu babur su ratsa da shi ta gonaki. A ranar ne rediyo ta ce wasu malamai sun tafi sasanci. Iyakar abin da ta ce ke nan. Ni kuwa na juyo masa da fuska na ce an gama magana, Juma'a za a buɗe iyaka, ya tafi a mota kamar mutum, da maganin a hannunsa.

Ya daɗe yana kallon bakina, sannan ya yi tambayar da ya shekara bai yi ba.

"Bakano, rediyo ce ta faɗa?"

Na gyaɗa kai.

Na sha gaya wa kaina cewa tsoro na ji masa, tsoho mai ciwon gwiwa a bayan babur cikin laka. Akwai wannan. Akwai kuma cewa na yarda da hasashena, kamar yadda nake yarda da shi kullum. Abin da ba na son faɗa shi ne ban so benci ya zama nawa ni kaɗai ba.

Ya kwance buhun. Juma'a ta zo ta wuce, na ce an ɗaga zuwa ta sama. Ita ma ta wuce. Ana cikin mako na uku, da hantsi, wayata ta yi ƙara ina gida. Ban jira la'asar ba. Da ya hango ni ba rediyo a hannuna, sai ya miƙe tsaye. Na tsaya a gabansa daidai tazarar da ke tsakanin injunanmu a da, na faɗa masa a hankali yadda zai karanta. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya yi salati, ya zauna a ɓangarensa na benci, don layin gawayin bai gama gogewa ba.

Bai tambaye ni zancen Juma'a ba. Da safe ya bi hanyar da ya yi niyya tun farko. Kwana ɗaya da yini ya isa, babu wanda ya tare shi. An riga an binne ta.

Sai bayan watanni aka buɗe iyakar. Bai dawo ba, wani aka sa gadin. 'Yarsa takan kira mu gaisa, ta ce yana nan lafiya, yana 'yan dabbobinsa. Rannan ta haɗa mu a waya mai hoto. Na gan shi ya rame, gemun ya yi fari fat. Na matso da wayar kusa da bakina na ce, "Badamagare, ba rediyo ce ta faɗa ba. Ni ne."

Hoton yana ta tsayawa yana tafiya. Ya ƙura min ido, ya juya ya yi wa 'yarsa magana. Ta ce Baba ya ce bakin yana yankewa, bai karanta ba, amma yana gaishe ni, kuma wai in je.

Na yi masa alkawarin bayan girbi. Rediyon tana nan, ina kunna ta bayan la'asar. In an gama labarai sai in kashe, tun kafin masu sharhi su fara.