Budurwar da Na Zaɓa a Fim Ɗin Baba

Shekarun baya, ina sabon zuwa Bronx, can ƙasar Turawa, na samu aikin kula da wani tsoho ɗan Japan. Kullum da safe nake hawa bas daga unguwarmu Tremont zuwa gidansa. Tun rasuwar matarsa ya daina magana, abinci ma sai an yi da gaske. 'Yarsa ta faɗa min ƙarara, in bai fara ci ba zuwa ƙarshen wata, gidan tsofaffi za ta kai shi. Shi kuwa ko sunan wurin aka ambata sai ya riƙe hannun kujera gam.

Abu ɗaya yake so, tsofaffin finafinan ƙasarsu marasa sauti. Wasan dandamalinsu na gargajiya ne aka ɗauka yadda yake, kyamara ba ta motsi, mutane fuska fara fat, ana zare ido ana zare takobi. 'Yar ta ce a da akwai mai tsayawa gefen allo yana ba 'yan kallo labarin, kuma sana'ar mahaifin tsohon ke nan.

Ni kuwa bakina ba ya shiru. A gida ma ni ke fassara wa abokai fim ɗin Indiya, alhali ko "zo" ban sani ba da yaren. Sai na fara zuba masa da Hausa: wannan ɓarawon shanu ne, wancan kawunsa ne, rigimar gona suke yi. Ina zuba ina miƙa cokali, yana kau da kai.

Ran nan wata kyakkyawa ta fito a fim ɗin da laima tana rangwaɗa. Na dafa ƙirji, na ce da guntun Turancina, "Baba, wannan zan aura."

Ya juyo ya dube ni. Kafaɗunsa suka fara rawa, har na tsorata ko shaƙewa ya yi. Ashe dariya ce.

"Namiji ne," in ji shi.

Wai a zamanin maza ke fitowa a mata. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Shi kuwa sai ya karɓe labarin da yarensu, ya yi muryar mace, ya yi ta jarumi, hawaye na bin kumatunsa. Ban gane ko kalma ɗaya ba, na dai ci gaba da miƙa cokali, ya cinye shinkafar tas.

Ba a kai shi ko'ina ba. Bayan shekara biyu ya rasu a ɗakinsa.

Wallahi ina kewarsa. Nakan nemo finafinan a waya in kunna, in ga mutane na ta buɗe baki ba mai yi musu magana. Har yau ban iya kallon ko ɗaya ya kai ƙarshe ba.